Laftof na ɗaukewa ba sallama: yadda ake gano ciwon kafin a kai ga fomat

Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu sai da suka yi wa wani ofis a Turai ko Amurka bauta ta shekara huɗu ko biyar kafin a loda su a kwantena su iso nan. HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6430 da ThinkPad T430 duk ƙirar 2012 ce, kuma har gobe ana rubuta furojet da su a jami'o'inmu. Injina ne masu ƙwari, amma tsufa ba ya ƙarya. Wata rana kana tsakiyar aiki sai allo ya yi ɗif, ba gargaɗi, ba sallama.

Abin da aka fi gaya wa mai irin wannan kwamfuta shi ne bairos ne, a yi mata fomat, wato a goge Windows a sake girka ta. A biya kuɗi, a rasa rabin fayiloli, bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Ni a abin da na gani, laftof ɗin da ta tsufa ta fara mutuwa da kanta, zafi ko wuta ne ke kashe ta a mafi yawan lokuta, kuma fomat ba ya share ƙura, ba ya gyara caja. Shi ya sa a wannan jagorar fomat ya zo can kusa da ƙarshe. Za mu fara da abin da ba ya cin ko sisi, mu bi a hankali zuwa abin da ke buƙatar kwance inji.

Kafin komai, abu biyu. Na farko, kwashe duk abin da ba ka son rasawa zuwa filasha ko wani faifai na waje, yau ɗin nan, domin idan faifan ajiyar ne ke shirin mutuwa gwaje-gwajen da za mu yi na iya ƙarasa shi. Na biyu, ka samu takarda. Duk sanda ta ɗauke ka rubuta lokaci, abin da kake yi, ko tana kan caja ko kan batir, wutar NEPA ce ko ta janareta, da minti nawa ta yi a kunne. Kuma duk gyaran da za ka gwada, ɗaya-ɗaya za ka riƙa yi. Idan ka sauya abu uku a lokaci guda ta warke, ba ka san wanne ne maganin ba, ranar da ciwon ya dawo kuma ka koma farko.

Yadda take mutuwa

Mutane kan haɗa komai su ce "tana ɗaukewa", alhali ciwon ba iri ɗaya ba ne.

Akwai wadda ke mutuwa nan take kamar an zare mata wuta, fitilu duk su mutu, fanka ta tsaya. Wannan kusan kullum zafi ne, ko batir, ko caja, ko babban bod, wato farantin da duk sassan kwamfutar ke haɗe a jikinsa. Windows ba ta cika kashe kwamfuta ta wannan hanyar ba.

Akwai wadda ke nuna shuɗin allo da rubutu, sannan ta sake tashi. Nan Windows ce ta ga abin da ba za ta iya ci gaba da shi ba ta tsayar da kanta. A nan direba (manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na injin), RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kai) ko faifan ajiya ake fara zargi.

Akwai wadda ke sandarewa, hoto yana nan amma ko linzami ba ya motsi, sai ka danne maɓallin kunnawa ka kashe ta da ƙarfi. RAM, faifai, ko sashen hoto.

Sai kuma wadda ke rufe kanta cikin ladabi, ta rubuta tana rufewa sannan ta mutu. Wannan umarni aka ba ta. Ko batir ya ce mata ya ƙare, ko sabuntawar Windows, ko wata manhaja.

Idan ka tantance wanne ne naka cikin huɗun nan, ka rage rabin wahalar.

Tambayi Windows abin da ta gani

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta perfmon /rel ka danna Enter. Wani jadawali zai fito, kwana-kwana, da jan alama a duk ranar da wani abu ya faɗi. Abin da kake nema shi ne ranar da matsalar ta fara, da abin da aka girka a ranar ko kwana ɗaya kafin ta. Sau da yawa a nan kaɗai ake kama ɓarawon, musamman idan sabon direba ne.

Daga nan ka sake danna Windows da R, ka rubuta eventvwr.msc, ka shiga Windows Logs, ka zaɓi System. Za ka ga jajaye da rawaya rututu, kada hankalinka ya tashi, ko sabuwar kwamfuta haka take. Lambobi kaɗan ne suka dame mu. Lamba 41 mai suna Kernel-Power na nufin kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Mutane da yawa na ɗaukar ta a matsayin ciwon, alhali shaidar mutuwa ce kawai, ba ta faɗin sanadi. Amma ka buɗe ta ka duba BugcheckCode a cikin bayananta. Idan sifili ne, Windows ba ta samu ko damar yin kuka ba, wato wuta ce ta yanke ko injin ya sandare, sai ka karkata ga zafi da wuta. Idan akwai wata lamba, shuɗin allo ne ya faru ko da ba ka gan shi ba. Lamba 6008 ita ma shaidar mutuwar bazata ce, amfaninta shi ne tana ba ka lokacin. Lamba 1074 kuwa tana faɗin sunan manhajar da ta ba da umarnin rufewa, ita ce amsar mai nau'i na huɗu.

Idan shuɗin allon na wucewa da sauri ba ka iya karantawa, ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga Advanced, a ƙarƙashin Startup and Recovery ka danna Settings, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga yanzu zai tsaya har ka ɗauke shi hoto da waya. MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA sun fi nuna RAM. KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR da CRITICAL_PROCESS_DIED sukan fito idan faifai ya fara gajiya. VIDEO_TDR_FAILURE sashen hoto ne ko direbansa. DRIVER_POWER_STATE_FAILURE kan zo lokacin barci ko farkawa, direba ne. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa ƙarfen ne da kansa, wato sassan injin, ya kai ƙara, kuma zafi na cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta, BlueScreenView, tana karanta bayanan da Windows ke ajiyewa a C:\Windows\Minidump ta nuna maka fayil ɗin da ake zargi. Sai dai idan ta nuna ntoskrnl.exe, ba ta gaya maka komai ba, domin wannan zuciyar Windows ce kuma kusan kowane faɗuwa ta nan yake bi.

Zafi

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi samun amsa.

An ƙera waɗannan injinan ne da tunanin ofis mai sanyi. Mu kuma muna kunna su a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin gari kan haura digiri 40, bayan sun sha ƙurar hunturu wata uku. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na da iyakar zafin da take jurewa, a yawancin na Intel na laftof digiri 100 ne ko 105. Idan ta kusa kai wa sai ta rage gudu, shi ne za ka ji kwamfuta ta yi nauyi. Idan hakan bai isa ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya don kada ta ƙone. Wato mutuwar da ke ba ka haushi, ita ceton kanta take yi.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Tana mutuwa ne idan aiki ya yi nauyi, kamar kallon bidiyo, taron Zoom ko wasa. Da safe takan jure awa guda, da rana minti ashirin. Idan ka sake kunna ta nan take sai ta mutu da wuri fiye da na farko, idan ka bar ta ta huce sai ta daɗe. Fanka na ƙugi amma idan ka kai hannu bakin tagar iska ba ka jin wata iska ta kirki. Wasu HP kan nuna saƙo mai lamba 90D bayan sun mutu saboda zafi, ko 90B idan fanka ce ba ta juyawa daidai. ThinkPad kan rubuta Fan error ta ƙi tashi.

Amma kada ka tsaya ga zato, ka auna. Sauke HWMonitor ko Core Temp, duka kyauta ne. Ka bar kwamfutar minti goma ba ta yin komai ka duba. Digiri 45 zuwa 60 a yanayinmu ba laifi. Idan tana zaune kawai tana kan 75 ko 80, akwai magana. Sannan ka ba ta aikin da ya saba kashe ta kana kallon lambar. Idan ta haye 95 tana ci gaba da hawa har ta mutu, bincike ya ƙare.

Akwai wata dabara da ke tabbatar da zargin ba tare da kwance komai ba. Shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ka nemo Processor power management, ka mayar da Maximum processor state zuwa 99. Wannan ɗigo ɗayan na hana furosesar Intel yin ƙarin gudun nan da ake kira Turbo Boost, zafi kuma ya sauka sosai. Idan bai isa ba ka sa 80. In mutuwa ta tsaya, zafi ne. Wanda ke da jarrabawa gobe zai iya lallaɓawa da hakan, amma kwantar da ciwo ne kawai.

Maganin gaske shi ne shara. Ka kashe ta, ka zare caja, ka cire batir. Idan batirin na ciki ne, da zarar ka buɗe murfin ƙasa ka fara zare wayarsa daga bod kafin ka taɓa komai. Ka taɓa wani ƙarfe da hannunka tukuna, musamman a hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa jiki ya tara wutar nan da ke tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe RAM. Ka nemi bidiyon kwance irin taka ta hanyar rubuta lambar ƙirarta, domin wasu murfi ɗaya ne, wasu kuma, irin tsofaffin HP Pavilion, sai an cire madannai da kusan komai kafin a kai ga fanka. Ka jera sukurori a kan takarda yadda ka ciro su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere na iya huda bod.

Ƙurar da ke kashe kwamfuta ba a kan fanka take ba. Tana tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke ratsawa ta fita, ta dunƙule ta zama kamar bargo. Shi ya sa hura iska daga waje ba ya wadatarwa, sau da yawa ma cusa ta ciki yake yi. Sai an ɗaga fankar an zare wannan dunƙulen da hannu, a bi da buroshi mai laushi. Idan za ka yi amfani da bulowa, ka tokare fankar da yatsa ko tsinken sakace, kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta ta lalata ta. Ka juya ta da yatsa ka ji. Idan tana cijewa ko tana ƙara, sauya ta za a yi.

Sai man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfen da ke kwashe zafinta. Wanda aka shafa a 2012 yanzu ya bushe ya zama kamar alli. Ka kwance sukurorin jan ƙarfen bisa lambobin da aka rubuta a jikinsa, kaɗan-kaɗan, ka ɗaga shi a hankali ba tare da lanƙwasa bututun ba. Ka goge tsohon man daga ɓangarorin biyu da auduga da sipirit mai ƙarfi har su yi ƙyalli, ka bari su bushe. Ka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ka shimfiɗa shi siriri ya rufe fuskar furosesar, ka mayar da ƙarfen ka ɗaure bisa lambobi. Arctic MX-4 na cikin waɗanda aka sani da inganci. Farin man nan mai arha da ake sayarwa a babban gwangwani yakan bushe cikin 'yan watanni. Man goge baki kuwa, wanda na taɓa tarar da shi a cikin wata laftof da aka kawo min bayan an ce an yi mata sabis, ba magani ba ne ko na kwana ɗaya. Idan ka ga wasu 'yan faci masu laushi kamar roba a kan wasu sassan, ka bar su a inda suke, su ma zafi suke kwashewa.

Bayan haka ka sake aunawa da aikin da ya saba kashe ta. Sauƙin digiri 15 ko 20 ba abin mamaki ba ne. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa, filo ko dadduma, domin yawancinsu ta ƙasa suke shaƙar iska. Faranti ko katako ya isa, in ka tokare bayanta da wani abu ta ɗan ɗagu ya fi.

Batir, caja da wutar gida

Idan awo ya nuna zafi lafiya lau, sai a koma kan wuta. Gwajin mai sauƙi ne idan batirinka na cirewa ne. Ka cire shi ka yi aiki da caja kaɗai kwana ɗaya. Sannan ka mayar da shi, ka cika shi, ka zare caja ka yi aiki da shi kaɗai. Idan a kan batir kawai take mutuwa, batir ne. Idan a kan caja kawai, caja ce ko ramin da ake soka ta. Idan duka biyun, ka ci gaba da bincike.

Tsohon batir maƙaryaci ne. Zai nuna maka kashi 40 cikin ɗari, ka buɗe abu mai nauyi, ƙarfinsa ya faɗi nan take kwamfuta ta mutu. Don ganin gaskiyarsa, buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai gaya maka inda ya ajiye rahoton. Ka kwatanta Design capacity, wato abin da aka ƙera shi ya ɗauka, da Full charge capacity, abin da yake ɗauka yanzu. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, ya gama aiki. HP kan nuna lamba 601 lokacin tashi a kan wannan. Idan kuma ka ga wajen linzami ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko kwamfutar ba ta zama daidai a kan tebur, batir ne ya kumbura. Wannan ba a jira da shi. A cire shi yau, kada a huda shi, kada a matse shi, kada a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta.

Caja kuma ita ce abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Laftof ɗin hannu ba ta cika zuwa da cajarta ta asali ba, duk wadda bakinta ya shiga ita ake haɗa maka. Ka duba ƙasan kwamfutar ko cikin ramin batir, an rubuta abin da take buƙata. Yawancin HP da Dell bolt 19.5 ne, Lenovo 20. Ka ninka bolt da amfiya ka samu wat: 19.5 sau 3.33 ya ba da 65, 19.5 sau 4.62 ya ba da 90. Dole bolt ya dace. Wat kuwa na caja zai iya fin abin da ake buƙata, amma kada ya gaza. Injin da ke son 90 aka ba shi 65 zai yi lafiya yana zaune, ya faɗi idan aiki ya yi nauyi, musamman in batirin da zai tallafa masa ya mutu. Jabun caja kuma takan rubuta 90 a jiki ba ta ba da shi. Ka ɗaga ta a hannu, wadda ba ta da nauyi kamar fanko abin zargi ce. Dell na da wani siririn tsinke a tsakiyar bakin cajarta wanda ta nan take gane ƙarfin cajar. Idan ya karye, ko cajar jabu ce, za ta yi gargaɗi lokacin tashi cewa ba ta gane cajar ba, ta ƙi cika batir, ta kuma rage gudu. Hanya mafi sauri ita ce ka ari caja ta asali irin taka wurin wani ka gwada kwana biyu.

Ka kuma girgiza bakin cajar a hankali tana soke, kana kallon fitilar caji. Idan tana ƙiftawa, ko wayar ta karye daga ciki ko ramin ya saki. A laftof da yawa ramin a kan 'yar waya yake, sauya shi ba tsada.

Takardar da na ce ka riƙa rubutu a kai, a nan take amfani. Idan duk mutuwar ta faru ne a kan ƙaramin janareta, ko daidai lokacin da firji ko injin ruwa ya tashi, wutar gidan ce. Caja mai kyau na karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka raguwar wuta kaɗan ba ta dame ta ba, amma yankewa ta ƙiftawar ido ta isa ta kashe laftof ɗin da batirinta ya mutu. Soket mai sako-sako ma haka. Ka kai ta wani gida ka gwada.

RAM

Danna Windows da R, rubuta mdsched.exe, ka bar ta ta sake tashi ta yi gwaji. Wannan gwajin na sama-sama ne. Wanda ya fi shi shi ne MemTest86 ko Memtest86+, a ɗora a filasha a tayar da kwamfutar da shi, a bar shi ya zagaya sau huɗu, ko da zai kwana. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja.

Kafin ka sayi sabo, ka ciro shi, ka goge haƙoransa masu ruwan zinare da abin goge fensir, ka hure ramin, ka mayar har ka ji ya ce ƙas. Idan guda biyu ne ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowane rami, domin wani sa'in ramin ne ya lalace. Wanda matsalarsa ta fara bayan an ƙara masa RAM ya duba takardar jikinsa. PC3 na aiki da bolt 1.5, PC3L da 1.35, kuma bakinsu iri ɗaya ne. Injinan da ke da furosesar Intel zubi na huɗu, irin EliteBook 840 G1 da ThinkPad T440, PC3L suke so. Idan aka cusa musu ɗayan, ko su ƙi tashi ko su riƙa faɗuwa.

Faifan ajiya

Manhajar CrystalDiskInfo za ta gaya maka halin da faifan ke ciki cikin daƙiƙa biyar. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja a kwashe kaya a gudu. Ka duba layukan 05, C5 da C6, waɗanda ke ƙirga gurabun da suka lalace. Idan lambar na ƙaruwa daga mako zuwa mako, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, faifan na kan hanya. Kada ka sa shi dogon gwaji kafin ka kwashe kayanka. A sauya shi da SSD, sabon nau'in faifan ajiya, wanda ba ya tsoron girgiza kuma zai sa tsohuwar ta yi sauri fiye da yadda ka taɓa saninta. Idan kuma tana sandarewa ne duk sanda aka ɗaga ta ko aka motsa ta, a ciro faifan a sake zaunar da shi da kyau.

Injinan ofis na da nasu gwajin a ciki. A Dell ka danna F12 lokacin tashi ka zaɓi Diagnostics. A HP ka danna Esc sannan F2. Suna duba RAM, faifai da batir ba tare da Windows ba.

Yanzu ne za a tuhumi Windows

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama. Ka ɗora Linux Mint ko Ubuntu (nau'o'in Linux ne, wani tsarin da ke iya maye gurbin Windows) a filasha da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga filashar ba tare da ka girka komai ba, ka yi awa uku kana kallon bidiyo a intanet. Idan a nan ma ta mutu, ciwon a ƙarfe yake, kuma fomat sau goma ba zai taɓa shi ba. Idan ta yi lafiya, to Windows ce ko faifan da take kai.

Sai ka buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa (Run as administrator), ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, idan ya gama ka bi da sfc /scannow. Ka cire duk abin da jadawalin farko ya nuna an girka gab da fara matsalar. Direban hoto da na waya-fai ka ɗauko su daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ko da sun tsufa, ka guji manhajojin nan masu alƙawarin sabunta maka direbobi duka a danna ɗaya, sun fi ɓatawa. Idan akwai manhajar kare bairos biyu a kai, cire ɗaya, faɗa suke yi. Ka kashe Fast Startup a Power Options, domin tsofaffin direbobi ba sa jituwa da shi. In duk wannan bai yi ba, to yanzu fomat ya halatta, da Windows mai tsabta daga Microsoft, ba irin wadda aka yi wa kwaskwarima ba. A tuna kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma injinan 2012 ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Idan Linux ɗin da ka gwada ya yi maka, ba laifi ba ne ka zauna a kansa.

Idan agogo take bi

Wasu mace-macen na da ƙa'ida. Laftof mai Intel da ke mutuwa daidai minti 30 bayan kunnawa, kullum, ko tana aiki ko tana zaune, alama ce ta lalacewar wata manhaja da ke cikin guntun BIOS (guntun da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows), wadda ake kira Management Engine. Yakan faru bayan an sake rubuta BIOS da fayil ɗin wata kwamfutar. Wannan aikin mai gyaran bod ne, amma idan ka gaya masa minti 30 cif, wanda ya san aikinsa zai gane. Wadda ke rufewa duk bayan awa ɗaya kuma, a duba ko Windows ta gwaji aka girka mata wa'adinta ya ƙare. Wadda ke yin barci da kanta, a duba ko ana ɗora waya ko wani abu mai maganaɗisu kusa da madannai, ko an ɗora ta a kan wata laftof, domin da maganaɗisu take gane an rufe murfi. Agogon da ke komawa baya duk sanda aka kunna kuwa ƙaramin batirin bod ne, yawanci CR2032.

Idan an zo bod

In zafi daidai, caja ta asali, RAM da faifai sun ci gwaji, Linux ma ya faɗi, saura bod. Ka ɗaga laftof ɗin ta kusurwa ɗaya, ko ka danna gefen madannai a hankali. Idan hakan na kashe ta, wani dalma ne ya tsage. Layuka ko launuka a allo kafin ta mutu na nuna guntun hoto. Wannan tsohon ciwo ne: a 2008 Nvidia ta amsa cewa wasu guntayenta na laftof na da lahani, abin da ya addabi HP Pavilion dv6000 da dv9000, MacBook Pro na 2011 ma ya yi fama da nasa na AMD. Za a ce maka a gasa guntun da iska mai zafi. Yakan tashi, amma sau da yawa na 'yan makonni ne ko watanni, don haka kada ka biya kuɗin gyara na dindindin a kansa.

Idan za ka kai wa mai gyara, ka tafi da takardarka da cajarka, ka cire faifanka ko ka tabbatar ka kwashe komai, ka ɗauki hoton RAM da batirin da ke ciki. Ka ce masa: "Malam, na auna zafi bai wuce 80 ba, na gwada wata caja, RAM ya ci gwaji, a Linux ma tana mutuwa." Ka nemi ya faɗi kuɗin kafin ya taɓa. Idan kuɗin bod ya kai rabin na wata laftof ɗin hannu irinta, ka ciro SSD da RAM ɗinka ka sa a wata, ka sayar da allon da madannan ga masu kayan gyara.